Turakun Bakin Titi: Wane Ne Yake Kallon Direba?

Direban da ya ɗauko fasinja daga Bauchi, ya ratsa Jos, ya gangara Akwanga da Keffi, ta Nyanya yake shiga Abuja. Yana kutsawa cikin birnin zai fara ganin wasu dogayen turaku na ƙarfe a bakin titi, wasu da kyamara a kai, wasu da faifan sola, wasu kuwa ƙarfen ne tsirara. An daɗe ana musu a kansu a teburin mai shayi a Zungur ta Bauchi: wani ya ce lambar mota suke ɗauka, wani ya ce gudu suke aunawa, takardar tara na nan tafe har gida.

Asalin da yawa daga cikinsu yana cikin takardun bashi. A 2010, gwamnatin Goodluck Jonathan ta ba kamfanin ZTE na China kwangilar dala miliyan 470 don kafa tsarin sadarwar tsaro na ƙasa. Bankin Exim na China ya ba da rancen dala miliyan 399.5, gwamnati za ta cika sauran. Aka tsara kafa kyamarori 2,000 masu aiki da hasken rana, rabi a Abuja, rabi a Legas. Kyamarorin ma wani yanki ne kawai na aikin, domin akwai cibiyoyin sadarwa na 'yan sanda guda 37, wato kowace jiha da Abuja. A takarda dai, Bauchi ma tana da rabonta.

Sai bama-bamai suka zo Abuja. Ranar 16 ga Yunin 2011 aka kai hari hedikwatar 'yan sanda, ranar 26 ga Agusta kuma ginin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ana iya yin uzuri a ce a lokacin aikin bai kammala ba. To na tashar Nyanya fa, ranar 14 ga Afrilun 2014, inda mutum sama da 70 suka rasu? Duka ukun da mota aka kai bam ɗin, abin da aka ce kyamarorin sun zo gani ke nan. Jama'a suka yi ta tambaya, ina hoton?

Amsar ta fara fitowa a zaman binciken Majalisar Wakilai na 2016. ZTE ya ce ya gama aiki ya miƙa tun 2012, gwamnati ce ba ta ware kuɗin tafiyar da shi ba. Ko mutum bai gaskata kamfanin ɗari bisa ɗari ba, maganar tana da ƙamshin gaskiya. Kyamara ita kaɗai ba ta kama ɓarawo. Tana bukatar wuta, da layin da zai kai hoton ɗakin sa ido, da ma'aikaci a zaune dare da rana, da man janareta. Da aka rasa waɗannan, turakun suka zama mutum-mutumin gona, har ɓarayi suka rinƙa kwance batura da faifan sola a ƙarƙashin idon da aka kafa dominsu.

Bashin kuwa yana nan daram. A 2019 ministar kuɗi Zainab Ahmed ta shaida wa 'yan majalisa cewa ana ci gaba da biya. A Mayun 2023 Mai Shari'a Emeka Nwite na Babbar Kotun Tarayya ya umarci gwamnati ta bayyana yadda aka kashe kuɗin, bayan ƙarar ƙungiyar fararen hula ta SERAP. Sai 2030 wa'adin rancen zai cika.

Wannan ba yana nufin hukuma ba ta san inda direba yake ba. Ta sani, amma ta wata hanya. Lambar mota sabon samfuri da hukumar kiyaye haɗurra ta fito da ita a 2011 tana ɗaure da sunan mai motar a rumbun bayananta. A shekarar ce kuma aka fara rajistar layukan waya, sannan a Disambar 2020 aka tilasta haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa. Wayar da ke aljihu tana gaisawa da kowane turken sabis da aka wuce, daga Bauchi har Keffi, kuma kamfanin waya yana ajiye bayanin. A Legas kam akwai kyamarori masu rai, waɗanda ke karanta lamba su aiko da tara ta saƙon waya.

Saboda haka, mai karatu, in ka sayar da motarka, ka tabbata an sauya sunan da ke takardunta kafin a rabu. In aka yi ɓarna da ita, sunan da ke rumbun hukuma za a nema.