Busasshen Barkono: Asalinsa, Ire-irensa Da Yadda Ake Gane Nagari

Busasshen barkono shi ne wanda aka bari ya nuna, sannan aka shanya shi har ruwansa ya tsane, domin ya yi watanni bai lalace ba. A ƙauyukan arewacin Jihar Kano, irin na Dambatta, Bichi, Kunchi da Minjibir, an saba magidanci ya shanya nasa bayan kaka, ko ya auno mudu ranar kasuwa. Yanzu kuwa ana samunsa a shagunan tireda na cikin gari, gudansa ko dakakke, a ƙulle cikin leda.

Asalinsa

Duk da yadda ya zauna daram a tukunyar Bahaushe, barkono baƙo ne. Daga nahiyar Amurka ya fito, inda mutanen Meziko da Kudancin Amurka suka shafe dubban shekaru suna nomansa. Bayan tafiyar Kolumbus ta 1492, fataken Fotugal suka yaɗa shi zuwa gaɓar Afirka ta Yamma da Indiya cikin ƙarni na 16. Kafin zuwansa, masoro da kimba da citta su ne ke ba abinci yaji.

Ire-irensa da ƙarfin yajinsa

Tattasai ya fi sauƙin yaji, don launi da kauri ake sa shi. Shambo dogo ne, yajinsa matsakaici. Ƙananan barkono fatarsu ba kauri, shi ya sa suka fi saurin bushewa. Attarugu ya fi su duka zafi da ƙamshi, amma tsokarsa kan sa ya ruɓe idan rana ba ta wadata ba.

Sinadarin kafsaisin ne ke haddasa raɗaɗin, kuma ya fi yawa a farin naman ciki da ƙwayoyin ke manne da shi. A 1912 wani masanin haɗa magunguna ɗan Amurka, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro ma'aunin yaji da ake kira da sunansa. A kan wannan ma'auni, dangin attarugu kan kai daga 100,000 zuwa 350,000. Shanya tana fitar da ruwa ta bar sinadarin, saboda haka cokali guda na busasshe ya fi na ɗanye ƙarfi nesa ba kusa ba. Kafsaisin ba ya narkewa a ruwa, sai a maiƙo. Wannan ne dalilin da nono ko madara suka fi ruwa kashe raɗaɗi.

Noma da kasuwa

Ana noma barkono da damina, da rani kuma a fadamu da gefen madatsun ruwa irin Thomas ta Dambatta da Watari ta Bagwai. Busasshiyar iskar hunturu tana taimakon masu shanya. Dillalai kan tara shi buhu-buhu zuwa manyan kasuwanni kamar Dawanau da ke Dawakin Tofa, daga nan ya gangara kudu. Ga manomi, shanya hanya ce ta guje wa faɗuwar farashi lokacin da kaya suka cika kasuwa. Ga uwargida, madogara ce idan ɗanyen kayan miya ya yi tsada.

Abin lura ga mai saye

Barkonon da aka shanya a ƙasa, ko aka adana da sauran laima, yana iya yin funfuna mai haifar da gubar aflatoksin. Gubar tana lahanta hanta, kuma dahuwa ba ta kawar da ita. Dakakke kuwa yana da sauƙin algus. A 2005 hukumomin Birtaniya sun janye ɗaruruwan kayan abinci daga kantuna bayan an gano haramtaccen jan rini mai suna Sudan a garin barkonon da aka haɗa su da shi.

Saboda haka gudansa ya fi aminci, tunda ido na ganin abin da ake saye. Nagari yana da sheƙi, yana karyewa ƙaras, ba baƙin tabo, ba warin ruma. Wanda kamfani ya sarrafa, a duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adinsa. A gida kuma a ajiye shi a rufaffen mazubi, nesa da laima, musamman idan damina ta kama.