Regex da Alamomin Salo a HTML

Regex gajeriyar ƙa'ida ce da ake rubutawa domin kwamfuta ta zaƙulo duk rubutun da ya dace da wata siffa, kuma masanin lissafi Stephen Kleene ne ya aza harsashinta a 1951. A shafukan HTML ana amfani da ita wajen kamo alamomi irin su span ta hanyar sifarsu ta style, wato bayanin launi, girma ko nau'in haruffa. Wannan yana da amfani ga mai gyara tsofaffin rubuce-rubucen Hausa, domin inda aka buga ɓ, ɗ, ƙ da ƴ da nau'in haruffa na musamman, sifar ce ke nuna wuraren da za a mayar zuwa Unicode. Sai dai regex ta asali ba ta iya bin alamomin da ke cikin juna, don haka manhajar warware HTML ta fi aminci.