Yadda Hoton Dutse Ya Shiga Ɗakunan Sakkwato

Sakkwato ba garin manyan duwatsu ba ne. A kan tudu Muhammadu Bello ya kafa ta a 1809, kusa da mahaɗar Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato. Adon da magabata suka sani shi ne zanen magina a bango, zayyanar allo da aikin dukawa a fata, duk dagi ne da layuka. Malamai sun ƙyamaci surar mai rai, zana ƙasa yadda ido ke ganinta kuwa bai zama al'ada ba.

Baƙi ne suka fara zana ƙasar. Heinrich Barth, Bajamushen da ake kira Abdulkarim, ya iso Wurno da Sakkwato a 1853, yana tafe yana zane. Mai zane Martin Bernatz ya ƙawata zanen nasa domin littafin Barth da ya fara fitowa a 1857, ciki har da hoton Kano daga kan Dala da na duwatsun Hombori da ke Mali ta yau. Sai dai don idon Turawa aka yi su.

Alhazai ne suka shigo da dutse cikin gida. Da jirgin sama ya sauƙaƙa aikin Hajji, tsaraba ta haɗa da hotunan Ka'aba, Dutsen Arfa da na Uhudu. Ba mai rai a jikinsu, don haka ba gardama. Wanda ya je ya tuna, wanda bai je ba ya ce Allah ya kira mu.

Daga baya kasuwa ta kawo nata: kalanda da manyan hotunan China, masu tsaunuka, ƙanƙara da ruwa mai gangarowa. Masu ɗaukar hoto suka rataya su a bayan kwastoma, masu fenti suka kwaikwaye su a jikin manyan motoci. A garin da zafin bazara kan haura digiri 40, ma'anarsu a fili take: sanyin ido. A 1999 kuma Dutsen Zuma ya hau bayan takardar naira ɗari, ya shiga aljihun kowa.

Abin da ya rage shi ne namu. Dutsen Kwatarkwashi yana cikin Jihar Sakkwato har 1996 da aka cire Zamfara, amma da wuya ka gan shi a bangon wani. Masu zanenmu, ku ɗauki buroshi ku nufi can.