Tantance Burbushin Ƙwanson Dinofilajilat a Kwarin Iullemmeden: Matsalar Andalusiella da Palaeocystodinium da Muhimmancin Rijiyoyin Dakoro

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci ma'aunan da ake bi wajen bambance jinsuna biyu na burbushin ƙwanson dinofilajilat, Andalusiella da Palaeocystodinium, waɗanda ake samu a duwatsun ƙarshen zamanin Kiretashiyos a Afirka ta Yamma. Ta nuna cewa sifar waje kaɗai ba ta isa hujjar raɗa suna ba, ta kuma ba da shawarar a riƙa adana ƙasar da ake haƙowa daga rijiyoyin burtsatse na Dakoro domin wannan aiki.

Gabatarwa

Dinofilajilat halittu ne masu ƙwayar rai guda, mafi yawansu mazauna teku. Wasu daga cikinsu kan shiga ƙwanso mai tauri su kwanta a ƙasan ruwa, kuma wannan ƙwanso ne ke wanzuwa a cikin laka har miliyoyin shekaru. Dakoro, a jihar Maraɗi, tana cikin kwarin Iullemmeden, wanda ya miƙa har Sakkwato. Tekun da ya ratsa Sahara ya sha malalowa cikin wannan kwari a ƙarshen Kiretashiyos da farkon Faliyojin. Greigert (1966) ya bayyana jerin duwatsunsa, Boudouresque (1980) kuma ya nazarci ƙananan burbushin tsirrai na ɓangarensa na yamma. A yankin Adar na wannan kwari akwai shimfiɗun Alanbanya, Farin Dutsi da In Wagar na zamanin Mastirishiyan, shekaru miliyan 72 zuwa 66 da suka shuɗe. Takwarorinsu a Sakkwato su ne Taloka, Dukamaje da Wurno.

Hanyar Bincike

Ana niƙa samfurin laka, a narkar da farar ƙasar da ke ciki da asid na HCl, a narkar da yashi da HF, sannan a tace da rariya mai ƙananan idanu, a ɗora ragowar a kan gilashi don dubawa da madubin ƙara girma. Ƙwanson dangin Peridiniyam, dangin da jinsunan biyu suke ciki, ba ya jure iska da rana, don haka dutsen da ya daɗe a fili yakan rasa shi. Wannan ne ya sa samfurin da ya fito daga zurfin ƙasa ya fi inganci.

Ma'aunan Tantancewa

Tun bayan aikin Evitt (1961), ma'auni na farko shi ne ƙofar da halittar ta fasa ta fita daga ƙwanso. Ana kwatanta wurinta da tsarin alluna na Kofoid. A jinsunan biyu ƙofar tana kan allo na 2a, saboda haka ta tabbatar da danginsu ne kawai, ba ta raba su ba.

Palaeocystodinium, wanda Alberti ya raɗa wa suna a 1961, siriri ne kamar mazari, da dogon ƙaho guda a sama da guda a ƙasa, kuma ɗamarar tsakiyarsa ba ta cika bayyana ba. Andalusiella, na Riegel (1974), ya fi faɗi, bangonsa na ciki ya fi kauri, ana ganin alamar ɗamara, kuma galibi yana da ƙahoni biyu a ƙasa, ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Tattaunawa

Wahalar ta taso ne daga abin da Malloy (1972) ya nuna a Gabon: sifar waɗannan ƙwansuna tana sauyawa sannu a hankali daga shimfiɗa zuwa shimfiɗa, har a sami na tsaka-tsaki. Idan ƙaramin ƙahon ya naɗe ko ya karye, Andalusiella zai yi kama da ɗan'uwansa. Kuskure a nan yana da tsada, domin Lentin da Williams (1980) sun sanya Andalusiella, tare da Senegalinium da Phelodinium, cikin rukunin da ke nuna teku mai ɗumi, shi kuwa Palaeocystodinium ya haura har cikin Miyosin. Suna mara tushe yana iya gurɓata shekarun dutse da tarihin muhallinsa gaba ɗaya. Wajibi ne a auna ƙwansuna da yawa daga shimfiɗa guda, a kuma duba abokan zamansu, musamman Dinogymnium, wanda ya ɓace a ƙarshen Kiretashiyos.

A Dakoro rairayi ya lulluɓe mafi yawan duwatsu, ruwa kuma yana da nisa a ƙasa, don haka rijiyoyin yankin suna ratsa shimfiɗu da dama. Sai dai ƙasar sama kan zubo cikin rami yayin haƙa, shi ya sa ake dogara da wurin da nau'i ya fara bayyana daga sama.

Kammalawa

Bai kamata a raɗa wa ƙwanso sabon suna ba sai an nuna ƙofarsa, kaurin bangonsa da ƙahoninsa a samfura masu yawa, an kuma ajiye samfurin asali inda wani zai iya sake dubawa. Muna kira ga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai su haɗa kai da masu haƙar rijiyoyi, a riƙa ɗibar ƙasa a jaka, a rubuta zurfinta da wurinta, kafin a watsar da ita a bakin rijiya.