Misalan Ikilisiya a Littafi Mai Tsarki

Ikilisiya ita ce jama'ar masu bin Yesu Almasihu. Kalmar daga Helenanci ta fito, inda da ma take nufin taron 'yan gari da ake kira don yanke shawara kan al'amuran birni. A bakin Kiristoci masu jin Hausa, coci ko majami'a gini ne, ikilisiya kuwa mutane ce. Babu inda Sabon Alkawari ya tsaya ya fayyace ma'anarta da jumla guda. Da misalai yake kwatanta ta. Wani masani Ba'amurke, Paul Minear, ya ƙirga 96 a littafinsa na 1960, amma kaɗan daga ciki ne suka yi tasiri a tarihi: garke, amarya, haikali, jiki da jama'ar Allah.

Yawancinsu gado ne daga annabawan Isra'ila, kuma da tsawatarwa suka fara. A ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu, Yusha'u ya kamanta Isra'ila da matar da ta ci amanar mijinta, Ishaya kuma ya kamanta ta da gonar inabi da ta sha kulawa amma ta ba da 'ya'ya marasa daɗi. Ezekiyel, a zaman bauta a Babila, ya kira shugabanni makiyayan da ke cin kitse suna sa ulu, tumaki na watse a duwatsu. Marubutan Sabon Alkawari suka ɗauki waɗannan suka ɗora kan Yesu. A Bisharar Yahaya shi ne makiyayi nagari, shi ne kurangar inabi, almajiransa rassa. Misalin makiyayi ya shiga ran Kiristocin farko ƙwarai: an zana shi a kaburburan ƙarƙashin ƙasa na Roma, da bangon ɗakin baftisma a Dura-Europos ta Siriya, cikin wani gida da aka mai da wurin sujada wajen shekara ta 240. Kalmar fasto ma asalinta Latinanci ce, ma'anarta makiyayi.

Misalin jiki shi ya fi cancanta a tsaya a kansa, don ba daga annabawa ya zo ba. Romawa sun san shi tun da daɗewa. Marubucin tarihi Livy ya ba da labarin cewa a 494 kafin haihuwar Almasihu, da talakawan Roma suka yi yaji suka fice daga gari, wani dattijo mai suna Menenius Agrippa ya lallashe su da tatsuniyar gaɓoɓin da suka ƙi ciyar da ciki har duk jikin ya rame. Manufarta a fili take: talaka ya koma bakin aiki, manya su ci gaba da ci. Manzo Bulus ya ɗauki misalin nan a wasiƙarsa ta fari ga Korintiyawa, wajen shekara ta 54, ya kifar da shi. Jama'ar Korinti ta rabu kashi-kashi, masu hali na cinye abinci a Jibin Ubangiji kafin marasa galihu su iso. Bulus ya nuna musu cewa gaɓar da ake rainawa ita ce ba a iya yi sai da ita, kuma ita ta fi cancantar girmamawa. A wannan wasiƙa kai ma gaɓa ce kamar sauran. Sai a wasiƙun Afisawa da Kolosiyawa aka keɓe kai aka ce Almasihu ne. Wannan ɗan sauyi ya yi nisa daga baya.

Misalin haikali ya ƙara nauyi bayan sojojin Roma sun rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70. Wasiƙar Bitrus ta fari ta kwatanta masu bi da duwatsu masu rai da ake gina gida da su, ta kuma kira su duka firistoci. Kiristoci sun yi kusan ƙarni uku suna taruwa galibi a gidajen mutane, saboda haka wannan magana ba ado ba ce a wurinsu.

Daga ƙarni na 3 aka fara jan misalan zuwa batun iko da iyaka: wa ke ciki, wa ke waje. Bayan tsanantawar Sarki Decius ta 250, rigima ta tashi kan waɗanda suka yi musun bangaskiya don tsira da rai. Sifiriyan, bishop na Kartaj a Tunisiya ta yau, ya rubuta a 251 yana kiran ikilisiya uwa, yana kamanta ta da jirgin Nuhu wanda babu tsira a wajensa. A 1302, ana tsakiyar takaddama da Sarki Filib na 4 na Faransa, Paparoma Boniface na 8 ya kafa hujja da misalin jiki cewa kai ɗaya ne, kuma a duniya Paparoma ne wakilinsa. Misalin da Bulus ya kare na ƙasa da shi ya koma hannun na sama. Amarya kuwa wata hanya ta bi, ta shiga gidajen sufaye. Bernard na Clairvaux, wanda ya rasu a 1153, ya bar wa'azi 86 kan Waƙar Waƙoƙi, yana karanta ta a matsayin ƙauna tsakanin Almasihu da jama'arsa.

Martin Luther ya koma ga wasiƙar Bitrus a 1520, ya ce duk wanda aka yi wa baftisma firist ne. Ikilisiyar Katolika ta ɗauki lokaci kafin ta sake auna nata misalan. Paparoma Pius na 12 ya fitar da wasiƙa kan jikin Almasihu a 1943, sannan Babban Taron Vatican na Biyu, a kundinsa na 21 ga Nuwamba 1964, ya sa babin jama'ar Allah gaba da babin bishop-bishop. Wannan jeri da gangan aka yi shi, kuma an sha muhawara kafin a amince.

Taron bishop-bishop na Afirka da aka yi a Roma a 1994 ya zaɓi misalin iyalin Allah, Paparoma John Paul na 2 ya tabbatar da shi a takardar da ya sa wa hannu a Yawunde a 1995. A arewacin Nijeriya ana jin wannan a sunan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aikinta ya faro a Garkida a 1923. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, ga masu karatun da garke, makiyayi da kai amarya ba baƙi ba ne a wurinsu. Kurangar inabi ce mai wa'azi kan tsaya ya yi wa bayani.