Waɗanda Suka Haye Kogi

Karatu: Ayyukan Manzanni 8:1-8

Yau muna so mu waiwayi baya, mu ba da tarihin wata unguwa a birnin Kaduna, da abin da ya sami masu bi da suka taɓa zama a cikinta. Sunan unguwar Kinkinau. Tana arewacin kogin Kaduna, maƙwabciyar Unguwar Mu'azu da Tudun Wada. Yaranmu da aka haifa a Sabon Tasha ko Narayi ko Unguwar Romi, yawancinsu sunanta kawai suke ji. In ka ce musu iyayensu sun yi zaman haya a can, sun ɗebi ruwa a famfo ɗaya da Musulmi, sun tafi sujada ran Lahadi da ƙafa ba mai tare su, sai su dube ka kamar mai ba da tatsuniya.

Kaduna garin baƙi ce. Gbagyi ne ke noma a wurin kafin zuwan Turawa. Gwamna Lugga ya zaɓe ta, a 1917 aka ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru aka kawo nan. Jirgin ƙasa ya kawo ma'aikatansa, soja ya kawo nasa, sa'an nan masaƙu suka buɗe a Kakuri, ta farko a 1957. Sai mutane suka yi ta kwararowa, Bajju da Atyap da Ham da Adara, Angas da Bachama da Bura, Tibi da Yarbawa da Ibo, ga kuma Hausawan Zazzau da Katsina da Kano. A lokacin nan mai neman ɗaki kuɗin haya yake tambaya, da nisan wurin aiki. Hausa ce ta haɗa mu. Da ita muke ciniki a kasuwa, da ita muke raira waƙa a majami'a, muna karanta Littafi Mai Tsarki wanda aka fara buga shi cikakke da Hausa a 1932. Ran Sallah a aiko mana da tuwo da nama, ran Kirsimeti mu aika da shinkafa. Kada mu zuba wa labarin zuma fiye da kima, gama akwai tsegumi, akwai raini, akwai wa'azin da ba ya gina kowa, a ɓangarensu da namu. Amma dai ana zaune.

Ruwa ba ya tsami banza. A watan Maris 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙone majami'u fiye da 100 da waɗansu masallatai. A watan Mayu 1992 na Zangon Kataf ya iso cikin gari. Kowane karo akan binne matattu, a share toka, a koma aiki. Amma kowane karo akwai iyalin da za su ɗaure kayansu a hankali su ƙaura.

Sai shekara ta 2000. Jihar Zamfara ta fara aiki da shari'ar Musulunci a watan Janairu, majalisar dokokin Kaduna kuma tana duba maganar. Ran Litinin 21 ga Fabrairu Kirista suka yi jerin gwano a ƙarƙashin ƙungiyar CAN don nuna rashin yarda. Kafin azahar gari ya kama da wuta. Aka yi kwanaki ana kisa, a watan Mayu kuma aka sake. Hukumar bincike da gwamnatin jiha ta kafa ta ƙirga mutum 1,295 da suka mutu, ƙungiyar Human Rights Watch kuwa ta ce ba su kasa 2,000 ba, mai yiwuwa ma sun ninka haka. Makarantar tauhidi ta Baptist da ke Kawo na cikin wuraren da aka ƙone. Dubban mutane suka kwana a barikokin soja da na 'yan sanda, wasu da rigar da ke jikinsu kaɗai. Da ƙura ta lafa, Kirista na Tudun Wada da Rigasa da Kinkinau da Unguwar Mu'azu suka haye kogi zuwa kudu, Musulmin Sabon Tasha da Television da Narayi suka haye zuwa arewa. Aka sayar da gidaje da araha, wasu suka yi musanya. Kogin da Allah ya ba mu don sha ya zama iyaka.

Mu da muke magana muna cikin waɗanda suka haye. A lokacin ba mu daɗe da fita makarantar tauhidi ba, kanmu cike da amsoshi. Mun iya bayani a kan dalilin shan wuya, mun rubuta jarrabawa a kan littafin Ayuba mun ci. Amma ranar da wata uwa ta riƙe mana riga a bariki tana tambaya ina ɗanta, ba ko ɗaya cikin amsoshin nan da ya fito daga bakinmu. Sai muka zauna a ƙasa kusa da ita. Daga baya ne muka tuna cewa abokan Ayuba ma, abu mafi kyau da suka yi masa shi ne kwana bakwai ɗin da suka zauna tare da shi ba magana. Da suka buɗe baki ne suka ɓata.

To, me bangaskiya ta yi mana a kwanakin nan? Bari mu faɗi gaskiya a gaban Allah. Ba ta kashe wutar ba. Masu addu'a sun mutu, masu azumi sun rasa gidajensu, dattawan ikkilisiya da suka yi shekara 30 suna hidima sun koma kwana a kan tabarmar aro. Duk mai wa'azin da ya ce maka mai bi na gaske masifa ba ta taɓa shi, bai kwana a bariki ba, bai kuma karanta surar da muka karanta yau ba.

Ku dubi aya ta 2. An jejjefi Istifanas har ya mutu, tsanani ya tashi a Urushalima, kowa yana gudu. Duk da haka waɗansu masu tsoron Allah suka tsaya suka binne shi, suka yi masa kuka mai zafi. Luka bai ɓoye kukan ba, bai kuma ce rashin bangaskiya ne ba. Wannan shi ne abu na fari da muka samu: izinin kuka a gaban Allah. Mutanenmu sukan ce namiji ba ya kuka. Amma Ubangijinmu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, akwai kuma littafi guda a cikin Tsohon Alkawari mai suna Makoki, na wanda ya ga an ƙone birninsa. Mun lura cewa waɗanda suka sami wurin yin kuka, a majami'a ko a tsakiyar 'yan'uwa, su ne suka fi saurin komawa cin abinci da barci. Waɗanda suka haɗiye abin kuwa, wasu hawan jini ya kama su, wasu samari suka faɗa wa giya da ƙwaya, wasu har yau in taya ta fashe a titi sai jikinsu ya ɗauki rawa. Irin waɗannan muna yi musu addu'a, muna kuma kai su wurin likita, gama dukansu biyu baiwar Allah ne.

Abu na biyu matanmu ne suka koya mana. Kafin taimakon gwamnati ya iso, Zumuntar Mata ta riga ta ɗora tukunya. Wadda ke da ɗaki biyu ta ba da ɗaya. Azuzuwan makarantun Lahadi suka zama wurin kwana, bencina suka zama gadaje. Ba a tambayi kowa ko shi ɗan ECWA ne, ko HEKAN, ko Katolika, ko Anglika. Mu fastoci da muka saba gardama a kan baftisma da tsarin ikkilisiya, kunya ta kama mu. Gwauruwar da aka kai wa mudun masara, aka zauna da ita har dare, ta san Allah bai yashe ta ba tun kafin wani ya buɗe mata aya.

Abu na uku shi ne mai wuya, a nan ne kuma da yawanmu muka fāɗi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A kudancin kogi samarinmu, masu sunan Bitrus da Yohanna da Markus, sun kashe Musulmin da ba su san hawa ba balle sauka, sun ƙone masallatai. A Aba, can kudancin ƙasa, an karkashe Hausawa 'yan kasuwa da sunan ramuwa. A watan Afrilu 2011, bayan zaɓe, ɗaruruwan Musulmi suka mutu a Zonkwa da kewayenta, kamar yadda Kirista suka mutu a wasu garuruwan Arewa. Wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa sura 12 ta hana mu ramuwa, ta bar wa Allah ita. Muna da ayar a ka, amma ran nan ba mu da ita a zuci. Ga kuma ɗaya gefen: akwai Kirista da yawa da suke raye yau domin wani Alhaji ya kulle su a ɗakin matarsa, ya tsaya a ƙofar zaure ya ce babu kowa. Mai gidan da muke haya a Kinkinau haka ya yi mana, kwana biyu, har soja suka zo. Akwai Musulmi kuma da Kirista suka ɓoye a Kakuri da Sabon Tasha. Wanda zai ba 'ya'yansa tarihin 2000 ya bar wannan, rabin labari ya ba su.

Kun san labarin Fasto James Wuye da Liman Muhammad Ashafa, 'yan Kaduna ne dukansu. A rikicin 1992 kowannensu yana jagorantar samarin ɓangarensa. Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Aka haɗa su a 1995, suka fara aikin sulhu tare. Abin da ya fi taɓa mu a shaidar Fasto Wuye shi ne ya yarda da bakinsa cewa ya yi shekaru yana tafiya da Liman, suna kwana a masauki ɗaya, alhali tunanin kashe shi bai bar zuciyarsa ba. Sai da wani bawan Allah ya faɗa masa cewa ba zai iya yi wa mutum wa'azin Almasihu yana ƙinsa ba. Gafara ke nan kamar yadda muka san ta a aikace: tana ɗaukar shekaru, hannun kuma bai dawo ba. Amma mutumin ya sami 'yanci daga abin da ke cin sa.

Da ƙoƙarinsu, da goyon bayan Gwamna Ahmed Makarfi, ran 22 ga Agusta 2002 shugabannin addini 22, Kirista 11 Musulmi 11, suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna. Wata uku bayan haka, a Nuwamba, wani rubutu a jaridar ThisDay game da gasar sarauniyar kyau ta duniya ya sake tayar da gari, mutum wajen 250 suka mutu. Wasu suka yi wa yarjejeniyar dariya. Mu ba mu yi ba, gama mun ga amfanin shugabannin da suka san juna har za su iya kiran juna da tsakar dare.

Hayewa kogi kuwa bai ba mu tsaron da muka zata ba. Ran 5 ga Yuli 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 121 daga makarantar sakandare ta Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun, a ɓangaren da muke kira namu. Iyaye suka yi ta zama a harabar makarantar suna kuka suna addu'a, yaran suna dawowa kashi kashi. A watan Maris 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, aka shiga daji da Musulmi da Kirista tare.

Yanzu mu koma ga karatunmu. Masu bi sun warwatse daga Urushalima kamar yadda muka warwatse. Amma ku lura da inda Filibus ya nufa. Samariya ya tafi, wurin mutanen da Yahudawa ba sa cin abinci da su, aya ta 8 kuma ta ce birnin ya cika da farin ciki. Mu da muka warwatse, wurin namu muka gudu. Ba mu ga laifin kowa ba, gama mai iyali dole ya nema musu wurin kwana. Amma ga shi an yi shekara fiye da 20, muna da samari da 'yan mata da ba su taɓa cin tuwon Sallah ba, ba su da aboki Musulmi ko ɗaya, abin da suka sani game da arewacin kogi a waya suka gani. Su ma can haka ne. Yaron da bai taɓa ganin fuskar maƙwabci ba, ba wuya a gaya masa ƙarya a kansa ya yarda. Wannan laifin namu ne, mu iyaye da fastoci, domin mun ba su labarin wutar, mun manta da labarin wanda ya tsaya a ƙofar zaure.

Da tsohon mai gidanmu ya rasu, muka ɗauki dattijon ikkilisiya ɗaya da ɗanmu na fari muka tafi gaisuwa Kinkinau. Yaron bai ce komai ba a mota, amma mun ga yana ta duban hanya. Aka shimfiɗa mana tabarma a ƙofar gida, aka kawo ruwa. Muka ce Allah ya ba da haƙuri, suka ce amin. Uwargidan ta aiko a shigo mata da yaron, ta kira shi da sunan da take kiransa yana jariri, sunan da mu kanmu mun manta. Ɗakin da muka ɓuya yana nan, an mai da shi wurin ajiye buhunan gawayi. Muka yi sallama kafin magariba, muka hau gada muka dawo.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya bar mu da rai, za mu karanta sura ta 9, labarin Hananiya na Dimashƙu da aka aike shi gidan da Shawulu ya sauka.