Rajistar Masu Laifin Fyaɗe a Kudancin Kaduna

Rajistar masu laifin fyaɗe kundi ne na sunayen waɗanda kotu ta samu da laifin lalata. Ta ƙasa tana hannun hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP, wadda ta buɗe ta a intanet a Nuwamban 2019 bisa dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015. A 2020 jihar Kaduna ta gyara dokarta ta hukunta laifuka, ta tanadi sanya sunan duk wanda ya yi wa ƙaramin yaro fyaɗe a rajista.

A ƙauyukan Jema'a, Kaura da Zangon Kataf, amfaninta ya dogara ne da kai ƙara. Maganar da dangi suka kashe a zauren mai unguwa don rufin asiri ba ta isa gaban alƙali, saboda haka shugaban makarantar da ya duba rajistar a wayarsa bai ga sunan mai neman koyarwa ba, kada ya ɗauka an wanke shi. Wasu na fargabar bayyana suna zai jawo ɗaukar doka a hannu. Fargabar tana da tushe, sai dai ɓoyewa ce ke barin mai laifi ya sauya gari ya sake aikatawa. Cibiyar Salama da ke babban asibitin Kafanchan tana duba waɗanda aka cutar, kuma rahoton likita hujja ne a kotu.